Mai Rediyo da Batirin da Ke Riƙe da Sunan Ɗana

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shago. Ba ya iya ɗaga ƙofar gaba ɗaya, sai dai ya tsaida ta a rabi ya sunkuya ya shiga, saboda ƙarfen gefen hagu ya lanƙwashe tun shekara shida da suka wuce. Ni kuwa mai walda ne, shagona yana bakin layin, kullum ina kallonsa yana sunkuyawa, ban taɓa cewa bari in gyara masa ba. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ke magana.

Idan ya shiga sai ya laluba makunni ya kunna fitilar tebur, ya jona ƙarfen narka dalma, ya goge teburin da tsumma ko da babu komai a kai. Sannan ya jera kayan aikinsa: sukudireba uku, filaya, ɗan almakashin waya, mita mai allura wadda gilashinta ya tsage, da madubin ƙara girma da ya ɗaure wa mariƙi da roba. Kowanne da wurinsa, ba ya sauyawa. A da ina ɗauka iyayi ne. Sai a bana na gane yana jera su haka ne don hannunsa ya same su ba sai ido ya nuna masa ba.

Mai Rediyo ake ce masa, duk da rabon da a kawo masa rediyo shi kansa ya manta. Shekara arba'in da ɗaya yana shago ɗaya, tsakanin tela da mai katifa. A ciki tsofaffin talabijin masu ƙaton baya ne jibge har rufi, bango kuma duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da wayarta a rataye, kowace waya da 'yar takarda da ya rubuta abin da take yi. Ƙarshen watan nan zai rufe. Hawan jinin ido ya cinye masa na dama, na hagun ma saura ɗan haske a tsakiya, likita ya ce ba a dawo da abin da ya tafi. Shagon an riga an ba masu sayar da rigar waya, har sun zo sun auna bango yana zaune.

Aikin da ya rage masa a shekarun nan shi ne tsofaffin gem, na'urar wasan nan da yara ke jonawa a talabijin. Tun da mutane suka zubar da talabijin masu ƙaton baya suka rataye masu faɗi a bango, sai aka wayi gari gem ɗin da ke ƙarƙashin gado ba shi da inda zai shiga. Gem ɗin yana da waya mai kai uku, rawaya da fara da ja, wani ma wayar eriya ce kawai. Sabuwar talabijin kuwa rami ɗaya siriri gare ta. Ka kai wa masu gyara na yanzu, su juya shi su yi dariya su ce, "Baba, sayi sabo mana." Wanda ya nace, a ƙarshe sai a ce masa ya je layinmu ya tambayi Mai Rediyo.

Akwai wani ɗan akwati da yake sa wa a tsakaninsu, shi yana kiransa tafinta. Ya ce tsohon gem da sabuwar talabijin ba sa jin yaren juna, dole a samu mai fassara, kuma tafinta ma akwai na kirki akwai maƙaryaci. Yadda yake gane maƙaryaci, ni da idona na gani. Sai ya haɗa komai, ya riƙe hannun gem ɗin kusa da kunnensa, ya rufe ido, ya danna. Idan ƙarar dannawar da ƙarar tsallen da ke fitowa daga talabijin suka zo tare, ya gyaɗa kai. Idan tsallen ya makara ko da ƙiftawar ido ne, sai ya cire akwatin ya jefa a kwali.

Tela maƙwabcinsa ya ba ni labarin wani babban mutum da ya zo da mota, aka haɗa masa, hoto ya cika bango, ya ce ya yi, yana sauri. Mai Rediyo ya ƙi sakin rimot.

"Ranka ya daɗe, dubi mutumin nan na cikin gem ɗin. Haka ka san shi kana yaro?"

Mutumin ya duba ya ce, "Kamar ya yi ƙiba."

"To ba shi ya ci abinci ba, talabijin ɗinka ce ta ja shi gefe da gefe. Zauna in maido maka da shi yadda Allah ya yi shi."

Tela ya ce sai da mutumin ya yi awa biyu a kan benci, direbansa yana ta leƙowa, shi kuwa ya cire agogo ya naɗe hannun riga yana bugawa yana ihu.

Akwai kuma wata ma'aikaciyar asibiti da ta kawo kwali cike da tsofaffin gem da wani ya bayar don sashen marasa lafiyar da ke daɗewa a kwance. Da ƙafarsa ya bi ta har can ranar hutunsa, da jakarsa, ya haɗa guda uku. Na huɗun mai 'yar bindiga ne. Ya gaya mata gaskiya cewa irin wannan bindigar da hasken tsohuwar talabijin take gani, a sabuwa makauniya ce, kada wani ya ruɗe ta ya ce zai gyara. Washegari ya ɗauki ɗaya daga cikin nasa masu ƙaton baya ya sa aka kai musu. Ita matar ce ta faɗa wa tela, shi bai taɓa ɗaga maganar ba.

Duk wannan ina ji ina taɓe baki. Ni a wurina gem shirme ne, kuma dattijon da ya ƙare rayuwarsa a kan shirme ban ga abin yabo a kansa ba. Har sai da nawa ya same ni.

'Ya'yana biyu ne, mace da namiji. Macen ita ce babba, ƙanenta yana ce mata Yaya, har sunan ya bi ta. Namijin Auta muke ce masa. Yana shekara tara kawunsa ya kawo masa gem mai kaset, irin wanda ake dannawa ta sama. Daga ranar na tsani abin. In dawo daga aiki idona na yaji, kunnena na ƙara, in tarar da wannan kiɗan yana tashi a falo. Na yi faɗa, na yi duka, wata rana na fizge hannun gem ɗin na maka shi da bango. Yaron bai yi kuka ba. Ya tsince ɓaraguzan ya naɗe da salatif, ya ci gaba da bugawa idan ba na nan. In ya ji ƙarar babur ɗina sai ya kashe.

Bara, yana da shekara ashirin da tara, babbar mota ta bi ta kansa a hanyar zuwa aiki. Wayarsa ta niƙe tare da shi. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan mutane sun watse, uwarsa ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadonsa, ta jona gem ɗin a tsohuwar talabijin ɗinmu. Ba ta iya bugawa ba. Kunnawa kawai take yi da yamma, kiɗan ya tashi, ta danna sau ɗaya, sai wani shafi ya fito inda yaron ya rubuta sunansa tun yana ƙarami. Ta zauna tana kallo har a kira magariba. Ni da na ji kiɗan sai in ɗauki hulata in fita. Ban taɓa tsayawa na dubi shafin ba, ko sau ɗaya.

Wata bakwai ana haka, tsohuwar talabijin ta mutu. Yaya ta zo daga gidan mijinta da sabuwa mai faɗi, aka rataye a bango, ni kuma na kira masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗauke waccan a ranar, ban yi shawara da kowa ba. Da yamma uwar yara ta ɗauko wayar nan mai kai uku, ta zagaya bayan sabuwar tana neman rami. Babu. Ta koma ta zauna da wayar a cinyarta.

Daga ranar ta rage cin abinci. Ta daina magana sai an tambaye ta. Kullum da yamma tana kan kujerar nan tana kallon baƙin gilashi.

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, ni da nake haɗa ƙofar gida da ƙarfen gini. Na je kasuwa na sayo ɗan akwati, na jona, babu komai. Ashe akwatin iri biyu ne, akwai mai kai tsoho zuwa sabo, akwai mai kai sabo zuwa tsoho, ni na baya na sayo, kuma a ido duk ɗaya suke. Ban san haka ba a lokacin. Na ce ƙila wuta ce ta yi wa gem ɗin kaɗan. Rannan uwar yara ta shiga wanka, na cire adaftarsa na ɗauko wata mai ƙarfi da nake cajin fitilar aiki da ita. Bakin ya shiga daidai. Na kunna. Sai na ji "ɗas", ɗan hayaƙi ya fito ta ramukan sama, ga kaset ɗin a ciki.

Na san warin nan. Shekara talatin ina shaƙarsa.

Na sa komai a buhu na ce mata zan kai a duba. Kwana uku buhun yana shagona a bayan tukunyar gas, na kasa kaiwa. A na huɗu na sunkuya ta ƙarƙashin ƙofar nan da na ƙi gyarawa.

Tela yana ganina daga shagonsa ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki. "A'a, Mai Walda da kansa? Yau kuma wa ka ƙona?"

Ban kula shi ba. Mai Rediyo ya karɓi buhun, ya fito da gem ɗin, bai ma buɗe ba, ya kai hancinsa.

"Wace adafta ka sa masa?"

Na ce, "Wa ya ce maka na sa wata?"

"Shi ya gaya mini."

Na faɗa masa komai a tsaye, har da na bango da salatif, ban san me ya sa ba. Ya zare kaset ɗin a hankali ya ajiye shi gefe a kan tsumma. Uwar gem ɗin, in ji shi, da sauƙi, wani ɗan abu mai ƙafa uku da ke tsare wuta ne ya ƙone, kuma yana da irinsa a cikin gawarwakin da ke bayansa. Kwana biyu ya tashe ta. Da kaset ɗin shagonsa ya gwada, bai yarda ya sa nawa ba.

"Me ya sa? Sa mu gani mana."

"Zauna, Mai Walda. Kai komai sai ka tsaya a kansa kamar mai bin gawa."

Ya ɗauko wata sukudireba da ya goge bakinta da kansa, don sukurorin kaset ba irin na kowa ba ne, ya buɗe. A ciki akwai ɗan koren allo da wani batir kamar maɓallin riga. Ya ce in duba. Ya ce duk abin da yaro ya rubuta a cikin irin wannan kaset ɗin, batirin nan ne ke riƙe da shi, dare da rana, ko gem na kunne ko a kashe. Ranar da ya mutu, ko aka cire shi na ƙiftawa ɗaya, shafin zai koma fari kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Ya ɗora wayoyin mita ya ce in karanta masa inda allura ta tsaya, shi ba ya gani. Na faɗa masa.

Ya ce, "Shekara ashirin yana aiki. Numfashi ɗaya ya rage masa."

"Sunan na nan?"

"Ban sani ba. Ƙila wutar da ka ba shi ta share. Ƙila yana nan. Amma ba zan kunna shi a haka ba, don kunnawa da kashewa girgiza ce, mai wannan raunin ba lallai ya ɗauka ba. Sai na ba shi sabon batir tukuna."

"Ba ka ce in an cire ya tafi ba?"

"Akwai yadda ake yi. A jona masa wani batirin ta gefe da wayoyi biyu, ya riƙe shi, sannan a cire tsohon a sa sabo, a janye na gefen. Na yi ya fi sau ɗari. Amma lokacin ina da ido. Yanzu in hannuna ya goce, ni na kashe shi."

Na ce ya yi kawai. Ya tura mini kaset ɗin gabana.

"Ba naka ba ne. Je ka tambayi mai shi. Kuma ka gaya mata yadda aka yi ya ƙone."

Na yi masifa. Na ce ni ne maigidan, ni na haifi yaron, wane ne shi da zai aike ni. Tela ya leƙo yana cewa a yi haƙuri. Mai Rediyo ya ci gaba da goge tebur, ya ce, "Ka gama? In ka gama, ƙofar tana nan, sunkuya da kyau kada ta buge ka."

Wannan tafiyar zuwa gida ita ce mafi tsawo da na taɓa yi, alhali layi huɗu ne. Na same ta a kujerarta. Na tsuguna, abin da ban taɓa yi a gabanta ba, na faɗa mata.

Ta ce, "Yana da rai ka fasa masa hannun gem. Yana kabari ka ƙona masa uwar. Yanzu me ya rage da kake tambayata?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta fito da mayafi. Rabonta da fita ƙofar gida tun rasuwar.

A shagon, tela ya kawo mata kujerarsa ya share da hannun riga. Mai Rediyo ya gaishe ta, ya yi mata bayani kamar yadda ya yi mini, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce in an bar shi, ƙila wata biyu, ƙila sati. In an taɓa, ƙila yau.

Ta ce, "Malam, kai in naka ne ya za ka yi?"

"Zan taɓa, uwar gida. Amma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba."

"To taɓa. Gara wanda ke jin tsoro."

Ba ta kalle ni ba da ta faɗi haka, ba sai ta kalla ba.

Ya ce in ja kujera kusa da shi in riƙe madubin, ni ne idonsa. Ya hana tela taka keke, ya ce ko tebur kada a jingina. Ya laluba allon da farcensa, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.

"Nan ne mai alamar tarawa?"

"Hagu kaɗan."

"Nan?"

"Nan."

Ya ɗiga dalma, jar waya ta kama. Baƙar ita ta ba da wahala, wurin ƙanƙane ne, ta kama amma ba da ƙarfi ba. Ya ce ba zai sake ɗumama wurin ba kada ya ɓata na kusa. Sai ya danne ta da ɗan yatsansa na hagu, da dama kuma ya kai ƙarfen wuta kan ƙafar tsohon batirin, wadda ke daf da yatsan. Ina gani ta madubi bakin ƙarfen ya jingina da fatarsa. Na ce, "Malam, yatsanka."

"Na sani. Kalli aikinka."

Fatar ta yi fari, ta fara ƙauri. Ni na san zafin nan, na san yadda hannu ke fizgewa da kansa ko mutum bai so ba. Nasa bai motsa ba. Gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan tsumma. Tsohon batirin ya saki. Ya ce in miƙo sabon da filaya, alamar tarawa a sama. Ƙafa ɗaya. Ƙafa ta biyu. Ya ce in karanta mita. Allura ta miƙe sosai. Sai a lokacin ya ɗaga yatsan, ya tsoma shi a kofin ruwan da tela ya miƙo.

Tela ya ce, "Wallahi na ɗauka nama ake gasawa ba a kira ni ba."

Babu wanda ya yi dariya sai Mai Rediyo.

Ya ƙi a gwada a shagon. Ya ce a talabijin ɗin da za ta riƙa kallo za a gwada, don kowace da halinta. Ya zaɓi tafinta a cikin nasa, ya sa a aljihu, ya ja ƙofa, ya dafa kafaɗata muka taho, ita tana gaba da kaset ɗin a cikin mayafi. Da la'asar ne, rana tana shigowa falon ta taga. Ya laluba bayan talabijin ya jona siririyar wayar, ya jona mai kai ukun a jikin tafinta, rawaya ga rawaya, ni ina gaya masa launi. Ya ce tafintan ma sai an ba shi wutarsa daban, abin da yawancin mutane ke mantawa ke nan. Ya sa ni na shiga cikin saitin talabijin da rimot, ya ce in nemo inda ake rage faɗin hoto, in kuma nemo inda aka zana hannun gem in danna, don kada ta riƙa yi wa hoton kwalliya tana ɓata lokaci. Ya ce za a ga baƙi a gefe da gefe, kada in ce ya lalace, haka ya kamata.

Sannan ya ce mata, "Uwar gida, ke za ki sa."

Ta danna kaset ɗin. Ta kunna. Gilashin ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya sake yin baƙi. Sai kiɗan ya tashi.

Ƙafata ta so ta kai ni waje kamar kullum. Hannunsa yana kan kafaɗata, ya matsa. Ta ɗauki hannun gem ɗin mai salatif ta danna sau ɗaya.

Ya ce, "Mai Walda, ni ba na gani. Me ya fito?"

Ni aji huɗu na yi a makaranta, amma wannan ba ya buƙatar ilimi. Layi uku ne, kowanne harafi huɗu, abin da gem ɗin ke karɓa ke nan. Na farko AUTA, gabansa taurari cike da layi. Na biyu YAYA, da 'yan taurari uku.

"Sai me?"

Na kasa.

"Karanta mana."

Na ce, "BABA."

Gabansa babu ko tauraro ɗaya.

Ita ce ta yi magana, idonta a kan bango. "Tun ranar da aka kawo ya rubuta. Na ce masa ya goge, ubanka ba zai taɓa ba. Ya ce a bar shi, in Baba ya huce zai buga."

Shekara ashirin yaron nan yana ajiye mini wuri, ban huce ba. Ba zan rubuta abin da na yi a falon nan ba. Mai Rediyo ya saki kafaɗata, ya laluba ya zauna a bakin kujera, yana riƙe da yatsansa har na gama. Da zai tafi ta kawo masa abinci. Ya ce ba zai ci shi kaɗai ba. Ta zauna ta ci.

Mai Rediyo, yanzu da kai nake. Na san ba za ka iya karanta wannan ba, tela ya ce zai karanta maka, kuma na gargaɗe shi kada ya ƙara gishirinsa. Kai ne ka ɗauki abin da duk gari ke kira shara ka riƙe shi kamar mai rai. Kai ne ka ƙi yi mini ƙarya lokacin da ƙaryar ce nake so. Kai ne ka tura ni na tsuguna a gaban matata, abin da ubana ma bai iya sa ni ba. Mai hannun da ba ya gocewa. Shekara shida ina kallonka kana sunkuyawa, kai kuwa ka ba da yatsanka saboda harafi huɗu na ɗan mutumin da bai taɓa gaishe ka da kyau ba.

Na gyara ƙofar. Washegari da safe na kai injina na miƙe ƙarfen, aikin minti ashirin. Yanzu tana tashi har sama. Saura kwana goma sha ɗaya ya rufe, masu rigar waya ne za su ji daɗinta. Shi har yanzu in ya zo sai ya sunkuya, jiki ya saba.

Talabijin ɗin da ke jibge a shagon, masu sayen ƙarafa sun zo sun duba. Wayoyin da ke bango da takardunsu ban san inda za su ba. 'Ya'yansa kowa da aikinsa a wani gari, babu wanda ya koya. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni. Ku da kuke gyaran kayan wuta a yanzu, ina ganinku, abu in bai yi ba sai ku ce a sayi sabo. Wani abin ba shi da sabo. Kafin ku ce wa mutum ya zubar, ku tambaye shi na wane ne. Kuma duk wanda ke da irin dattijon nan a layinsu, ya je ya zauna kusa da shi tun yana gane fuska, ya riƙe masa madubi, ya ga yadda ake yi. Kada ya jira sai ya ƙona wani abu kamar ni.

Na gode, Malam. Allah ya saka maka, ya bar maka ɗan hasken da ya rage.

Yanzu da yamma ba na fita. Na shiga layi na uku. Ban iya ba, yatsuna sun yi kauri, kullum a rami ɗaya nake faɗawa, ita kuma tana daga kujerarta tana cewa, "Tsalle za ka yi tun kafin ka kai, haka yake yi." Har yau ban samu tauraro ko ɗaya ba.

Jiya na raka shi gida, yana dafe da kafaɗata. A hanya na tambaye shi sabon batirin shekara nawa zai yi. Ya ce in Allah ya so, ashirin. Na ce in ya ƙare wa zai canza, tunda kai ka rufe. Ya yi 'yan taku, sannan ya ce, "Shekarunka nawa, Mai Walda?" Na faɗa masa. "Uwar gida fa?" Na faɗa masa.

Ya ce, "To ai ya ishe ku."

Da muka kai ƙofar gidansa, ya saki kafaɗata, ya laluba bango. Har na juya sai ya kira ni.

"Sunan na nan?"

Na ce, "Yana nan."

Ya gyaɗa kai ya shiga.